Nutso da Tukunyar Iska: Gwaninta a Hawowa Take

Lacca ga matasa da iyaye, Unguwar Madaki, Gombe



 

Na san wani zai ce a ransa, me ya haɗa mutumin Madaki da nutso? Gombe tudu ce, kafin ka ga teku sai ka wuni a mota. To amma mu duba da kyau. Kimanin kilomita 37 gabas da mu, a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, akwai madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola, wadda daga cikinta garin nan yake shan ruwa. Akwai ta Balanga a kudancin jiha. 'Ya'yanmu suna karatu a Misira da Saudiyya da Malesiya, inda nutso da tukunyar iska ya zama abin shaƙatawa da ake tallata wa duk baƙon da ya je bakin teku. Waɗanda ba su je ba kuma suna kallo a waya, suna ganin mutane cikin kifaye masu launi, ransu yana biyawa. Sannan duk lokacin da kwale-kwale ya kife, kamar yadda ya faru a Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da kuma Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar, masu nutso ake nema. Maganar ta riga ta iso mu, gara mu san ta da ilimi.

Shiga ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da Sarkawa, muna da sarautar Sarkin Ruwa, kuma tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, inda Kabawa suke nuna gwanintar nutso da kamun kifi da hannu a Matan Fada. Sai dai su da numfashin da suka shaƙa a sama suke sauka, da shi suke dawowa. Wanda ya goya tukunya kuwa yana shaƙar sabuwar iska ne a can ƙasa, ƙarƙashin nauyin ruwa. Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da zan faɗa yau. Na'urar da ta sauƙaƙa hakan, Faransawa biyu ne, Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan, suka haɗa ta a 1943. Tun daga lokacin miliyoyin mutane sun yi nutso sun fito lafiya. Abin da nake so ku tafi da shi ɗaya ne: sauka cikin ruwa ba ta da wuya, ko dutse yana yin ta. Gwanintar mai nutso a hawowa take.

Abin da ruwa yake yi wa jiki

A nan inda muke zaune, iskar sama tana danne da mu, sai dai mun saba ba ma jin ta. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba. Da ka sauka mita 10, matsin da ke kanka ya ninka na bakin teku biyu. A mita 20 ya zama uku, a mita 30 ya zama huɗu. Tsoka da ƙashi da jini ba su damu da wannan ba sosai. Inda abin yake tasiri shi ne duk wani gurbi mai iska a jiki: kunne, kogon hanci, da huhu. Tun 1662 masani Robert Boyle ya bayyana cewa idan matsi ya ninka, girman iska yakan koma rabi, idan matsi ya ragu kuma ta kumbura.

Kunne ne yake fara kawo ƙara. Duk wanda ya taɓa nutsawa a ruwa mai ɗan zurfi ya san wannan zafin. Maganinsa a toshe hanci da yatsu biyu a hura a hankali har a ji kunne ya buɗe. Ana fara yi tun daga saman ruwa, ana maimaitawa kusan kowace mita, tun kafin zafi ya zo. In kunne ya ƙi buɗewa, a ɗan hau sama kaɗan a sake gwadawa. In ya ƙi, a haƙura da nutson ranar. Wanda ya tilasta zai iya fasa dodon kunnensa. Shi ya sa mai mura ba ya nutso, kuma ba a toshe kunne da auduga ko roba.

Na huhu ya fi wannan tsanani. Ka ɗauka mutum ya cika ƙirjinsa da iskar tukunya a zurfin mita 10, sai wani abu ya firgita shi, ya riƙe numfashi ya yunƙura sama. Kafin ya iso, iskar da ke ƙirjinsa tana neman ninka girmanta, kuma huhu ba shi da wurin ba ta. Sai ya yage daga ciki, kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Wannan yana iya faruwa ko a ruwan da bai kai mita biyu ba. Don haka ƙa'ida ta farko, wadda ake koya wa kowane ɗalibi a rana ta farko, ita ce: muddin kana shaƙa daga tukunya, kada ka riƙe numfashi ko sau ɗaya. A nan ne gwanin iyo na gida ya fi kowa buƙatar kula, domin shi jikinsa ya saba da riƙe numfashi a ruwa.

Na uku shi ne naitirojin. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. A ƙarƙashin matsi, naitirojin takan narke ta shiga jini da tsoka, kuma iya zurfinka da iya daɗewarka, iya yawan da jiki zai kwasa. Ku tuna kwalbar lemo. Muddin murfi yana rufe ba ka ganin kumfa. In ka buɗe a hankali, iskar ta fita salin-alin. In ka fizge murfin, sai ta yi ambaliya. Haka jinin wanda ya hawo da gaggawa yake yi: kumfa ta taso a gaɓoɓi, a laka, a ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne ciwon kumfa. Ya nakasa ma'aikata da yawa a lokacin ginin gadar Brooklyn ta Amurka a shekarun 1870, har da babban injiniyan aikin, Washington Roebling. Sai a 1908 masani ɗan Birtaniya John Scott Haldane ya fitar da jadawalin hawowa daki-daki, wanda har yau a kan tushensa ake gini.

Akwai kuma mayen zurfi. Daga wajen mita 30, naitirojin takan dusashe tunani, mutum ya riƙa jin nishaɗi ko tsoro marar dalili, ya manta duba ma'auninsa. Da ya hau 'yan mitoci sai ya warware.

Darasi daga gida

A ranar 26 ga Mayu, 2013, wani jirgin ja mai suna Jascon 4 ya kife a tekun Nijeriya, ya sauka zurfin kimanin mita 30. Mutum goma sha biyu ne a ciki. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya sami wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna a ciki cikin duhu da sanyi kusan awa 60. Masu nutso da suka zo kwasar gawa suka tarar da shi da rai. Ku lura da abin da suka yi. Mutumin da ya kusa kwana uku a ƙarƙashin teku, ga yunwa ga ƙishi, ba su fito da shi sarari nan take ba. Sun saka shi cikin akwatin ƙarfe mai riƙe matsi, daga nan suka shigar da shi ɗakin matsin iska, inda ya ƙara fiye da kwana biyu ana rage matsin sannu a hankali. Da tausayi ya sa sun gaggauta, da hawowar ce ta kashe wanda kifewar jirgi ba ta kashe ba. Allah ne Ya kuɓutar da shi, ta hannun mutanen da suka san ƙa'ida suka kuma bi ta. Daga baya shi kansa ya koyi aikin, ya zama ƙwararren mai nutso.

Ƙa'idojin da ba a sassauta su

Abu na farko, a koya a wurin malami mai shaida. Akwai ƙungiyoyin horo da duniya ta amince da su, irin su PADI da aka kafa a 1966, da CMAS ta 1959, da BSAC ta Birtaniya, da SSI. Matakin farko yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu: karatu, atisaye a tafkin wanka, sannan nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa tare da malami. Wanda ya gama yana da izinin sauka zuwa mita 18. Mataki na gaba yana kai shi mita 30. Iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya mita 40 ce. Bidiyon intanet yana iya ba ka sha'awa, amma ba zai riƙe hannunka ba ranar da ruwa ya cika gilashin fuskarka.

Na biyu, ba a nutso a kaɗaice. Kowa da abokinsa, ku duba kayan juna kafin ku shiga, ku tsaya kusa da juna yadda in iskar ɗaya ta yanke zai iya kama bututun ɗayan. Ku haddace alamun hannu, tunda babu magana a can. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe yana nufin lafiya lau. Ɗaga babban yatsa sama yana nufin mu hau, kuma ba a musu da shi. Kaɗa tafin hannu yana nufin akwai matsala. Gitta hannu a maƙogwaro yana nufin iska ta ƙare.

Na uku, a san lissafin iska. Tukunya mai lita 12 da aka ɗura zuwa ba 200 (ba shi ne ma'aunin matsin iska) tana ɗauke da lita 2,400. Wanda yake shaƙar lita 20 a minti zai yi awa biyu da ita a sarari, awa ɗaya a mita 10, rabin awa kacal a mita 30. Tsoro da wahalar iyo suna ƙara cinye ta. Shi ya sa ake duba ma'auni a kai a kai, a kuma fito da sauran aƙalla ba 50. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta yi nazarin mutuwar mutum 947 tsakanin 1992 da 2003. Abin da ya fi yawan fara jawo musibar shi ne ƙarewar iska, kashi 41 cikin ɗari, sai maƙalewa a cikin wani abu, kashi 20. Ƙarewar iska kuwa allurar ma'auni tana nuna ta tun da sauran lokaci, ga wanda ya duba.

Na huɗu, a kiyaye lokaci. A jadawalin PADI, iyakar zama a mita 18 minti 56 ne, a mita 30 minti 20, a mita 40 minti 9. Yanzu akwai agogon nutso da yake yin wannan lissafi, kuma kowa da nasa yake amfani, ba a haɗa agogo ɗaya mutum biyu.

Na biyar, a hawo sannu. Yawancin agogunan yau suna kashedi in ka wuce mita 9 zuwa 10 a minti. In saura mita 5 a kai sarari, a tsaya minti uku. Mitocin ƙarshe su ne mafi hatsari, domin a nan iska ta fi saurin kumbura. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Na shida, kowa yana da damar cewa yau ba zan shiga ba, ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ƙannena samari, wannan taku ce. Na san yadda kalmar matsoraci take ƙona zuciya a gaban abokai. Amma a wannan harka, wanda ya iya cewa a'a shi ake girmamawa.

Kaya da iskar da ke cikinsu

Kayan sun haɗa da gilashin fuska mai rufe ido da hanci, da takalman iyo masu faɗi, da tukunya, da regileta mai rage ƙarfin iska ta iso baki daidai shaƙa, da rigar iska da ake hurawa ko sacewa don daidaita nauyi, da bel na darma, da rigar roba. Kada zafin ƙasarmu ya sa a raina rigar roba. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, ko ruwan ɗumi ne, in an daɗe sai an yi rawar ɗari.

Sabon shiga ba ya buƙatar sayen komai sai gilashin da ya zauna a fuskarsa, sauran a yi haya a cibiya mai rajista. A guji regileta ta gwanjo da ba a san tarihinta ba. Tukunya kuma tana da tambarin ranar da aka gwada ta, a ƙasashe da dama duk shekara biyar ake gwajin matsi.

Ina roƙon ku riƙe wannan da kyau. Abin da ke cikin tukunyar nutso iska ce irin wadda muke shaƙa, tatacciya, busasshiya. Ba a ɗura oksijin zalla irin na asibiti ko na masu walda, domin in an wuce mita 6 yakan zama guba, ya jefa mutum cikin jijjiga a ƙarƙashin ruwa. Haka kuma ba a nutso da injin mai faci da tiyo a baki. Wannan injin yana tura tururin mai, kuma in yana kusa da salansa ko janareta yana zuƙo hayaƙin nan marar wari da muka sha jin ya hallaka iyali guda a ɗaki. A ƙarƙashin matsi, gubarsa tana ninkuwa. In injin ya mutu kuma, mai nutso ba shi da zaɓi sai ya yunƙuro sama a guje. A gaɓar Honduras da Nikaraguwa, talauci ya sa 'yan ƙabilar Miskito suna nutso sau da yawa a rana da lalatattun kaya don kamun ƙaguwar teku, kuma da yawansu sun ƙare a keken guragu. Kada neman yashi ko kifi ko injin da ya faɗa ruwa ya kai matasanmu ga wannan hanya.

Ruwanmu na gida

Abin da kuke gani a bidiyo yawanci Bahar Maliya ce, wajen Sharm el-Sheikh da Hurghada da Jidda da Yanbu, inda mutum yake hangen mita ashirin ko fiye. Ruwan madatsa daban yake. Da damina yakan yi jawur da laka har ba ka ganin tafin hannunka. A ƙarƙashinsa akwai itatuwan da ruwa ya cinye, da tsofaffin koma da ƙugiyoyin masunta. Mun ji matsayin maƙalewa a cikin sanadin mutuwa, don haka wuƙa ko almakashi dole ne.

Mafi muni shi ne kusa da bangon madatsa. Dadin Kowa tana ba da ruwan sha da na noman rani, tana kuma juya injinan lantarki masu ƙarfin megawat 40. Duk inda ruwa yake shiga bututu ko ƙofa, akwai zuƙa mai ƙarfin da babu ɗan Adam da zai iya ƙwacewa, kuma ba a ganin ta daga sama. Wannan wuri na ma'aikata ne masu horo na musamman, su ma sai an rufe ƙofofi. Sannan mutanen yankin sun san akwai dorina a ruwan, kuma dorina mai ɗa ba ta da wasa. Akwai tsargiya, wadda ake ɗauka ta fata a ruwan da ke da dodon koɗi, don haka wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan shiga ruwa ya je asibiti. Kafin a shiga kowane ruwa, a nemi izinin hukumar da ke kula da shi, a kuma zauna da Sarkin Ruwa da masunta. Sun san ramuka da igiyar ruwa da makwancin dorina, sanin da babu agogon da zai ba ka.

Akwai batun tudu. Jadawalin da aka saba da shi an yi shi ne don bakin teku. Ruwan da ya haura mita 300 a tudu yana da nasa lissafi. Bayan nutso kuma, hawa tudu mai tsawo yana iya tayar da kumfa. Jos ta haura mita 1,200, don haka wanda ya yi nutso da safe kada ya kama hanyar Filato da rana.

Tambayoyin da aka fi yi

Sai na iya iyo? E. Ba a neman gwanin tsere, amma kafin a ba ka shaida za ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti goma.

An ce mini a otal zan iya gwadawa ba tare da horo ba, gaskiya ne? Akwai nutson gwaji, wanda ba ya wuce mita 12, malami yana tare da kai. Amma ka nemi ganin katin malamin, ka tabbata an ba ka takardar tambayoyin lafiya, an kuma koya maka fitar da ruwa daga gilashi da daidaita kunne a wuri marar zurfi. In aka ce ka goya tukunya kawai ka faɗa, ka karɓi kuɗinka ka tafi.

Wane ne bai kamata ya yi ba? Mai farfaɗiya, da mai cutar sikila, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa, da mace mai ciki. Mai asma, da wanda ya yi jinyar tarin fuka, da mai ciwon zuciya ko hawan jini ko ciwon sukari, da mai rukunin jini AS, duk sai likita ya duba ya amince. Ina jaddada sikila domin tana da yawa a cikinmu, kuma sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ita. Kada a ɓoye ciwo a takarda don kwaɗayin shiga.

Yara fa? Yawancin ƙungiyoyi suna fara ba da shaidar yara daga shekara 10, da iyakar zurfi, kuma tare da babba.

Mata za su iya? Ƙwarai kuwa. Rigar roba tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hular da ke rufe kai, ana kuma iya ɗora riga marar faɗi a sama, muddin ba mai yawo ba ce da za ta sarƙe. A Saudiyya da Misira da Malesiya akwai malamai mata masu koyar da mata.

Mai gemu fa? Gemu ba ya hana komai. Gashin baki ne yake sa ruwa ya zurara cikin gilashi, sai a rage na ƙarƙashin hanci. Mai sa tabarau kuma akwai gilashin da ake yi daidai da idonsa.

Da azumi? Ta fuskar lafiya, ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara hatsarin ciwon kumfa, iskar tukunya kuma busasshiya ce mai ƙara ƙishi. Ga yiwuwar ruwa ya wuce maƙogwaro. Hukuncin wannan na malamanmu ne, shawarata dai a bari sai bayan Salla.

Yaushe zan hau jirgin sama? Bayan nutso ɗaya, a jira aƙalla awa 12. Bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, aƙalla awa 18. Mafi kwanciyar hankali a bar ranar ƙarshe ta tafiya ba nutso.

Kifin shak ba zai cinye ni ba? A yawancin shekaru, waɗanda yake kashewa haka kawai a duk duniya ba su wuce goma ba. Ruwa kuwa, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya ci kusan mutum 300,000 a 2021 kaɗai. Ƙa'ida dai ita ce kada ka taɓa komai, kada ka ɗauko komai. Murjani halitta ce mai rai da take shekaru kafin ta girma, amanar Allah ce a hannunmu.

In abu ya faru

Alamomin ciwon kumfa sun haɗa da ciwon gaɓoɓi, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, da mutuwar jiki, da jin sassan jiki sun yi sanyi ko suna tsira-tsira, da jiri, da ƙuraje, da kasa fitsari, da gajiya mai yawa. Yawanci suna bayyana cikin 'yan awoyi, wani lokaci har zuwa kwana guda. A kwantar da mutum, a ba shi oksijin zalla in akwai, a ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa, a garzaya asibiti, a kuma gaya wa likita a fili cewa ya yi nutso da tukunya, da zurfin da lokacin. Kada a ce zazzaɓi ne, kada a ce iskokan ruwa ne suka taɓa shi a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a mayar da shi ruwa. A yi addu'a ana tafiya. Cikakken magani shi ne ɗakin matsin iska, wanda ba kowane babban asibiti ne yake da shi ba. Saboda haka tun kafin a shiga ruwa ake tambayar inda mafi kusa yake da yadda za a kai mutum.

Kammalawa

Ina da roƙo uku. Ga matasa: shaidar nutson shaƙatawa ba ta mayar da mutum mai ceto ba. A 2018, lokacin da aka ceto yara 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, Saman Kunan, tsohon sojan ruwa mai cikakken horo, ya rasu a aikin kai tukwanen iska. In ruwa ya ci wani a gabanka, miƙa sanda, jefa igiya ko jarka, kira jama'a. Wanda yake son aikin ceto ko nutson kamfanonin mai, akwai horonsa daban, kuma sana'a ce mai daraja da ta cancanci a neme ta ta ƙofarta.

Ga iyaye: hana yaro zuwa ruwa bai taɓa koya masa fita daga ruwa ba. Kowace damina kwaruruka da kududdufai suna cika a garin nan, yara kuma suna zuwa ko mun sani ko ba mu sani ba. A koya musu iyo a wuri mai tsaro, gaban babba, maza da mata kowa a nasa tsari.

Ga hukumomi da masu hali: jihar da take da Dadin Kowa da Balanga da kogin Gongola ta cancanci ƙungiyar masu nutso horarru a hukumar kashe gobara da ta agajin gaggawa, da kaya masu kyau, da rigunan ceto a kowane kwale-kwale. A fara da 'ya'yan masunta, waɗanda suka riga suka san ruwan, a ƙara musu ilimin matsi da na'ura a kan gadon iyayensu.

Duk wanda Allah Ya ba ikon ganin abin da Ya halitta a ƙarƙashin teku, ya je ya gani, abin yana ƙara imani. Amma ya tafi da ilimi, da aboki, da haƙurin hawowa sannu, domin akwai masu jiran sa a gida.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya.